Rasuwar Fitowa ta Arba'in

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai sauka ba, Maikano Abdurrahim, ɗalibi mazaunin unguwar Ainu Shams a Masar, yana sanar da 'yan'uwa masu tara tsofaffin mujallun zane rasuwar abar ƙaunarsa, Fitowa ta Arba'in, wadda ta koma toka ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara sittin da uku a duniya.

Marigayiya ita ce autar wata mujallar barkwanci ta yaran Masar da ta daɗe da mutuwa, kuma a cikinta aka ƙarasa labarin jakin nan mai jar dara da ya ɓata a hanyar gida. Shekara bakwai Maikano yana nemanta a kasuwar littattafai ta Azbakiyya, har ƙafarsa ta yi kanta. Da ta bayyana, Muhannad dillali bai sake ta ba sai da aka yi masa musaya da mujallu uku da hula zanna bukar sabuwa dal.

An shaide ta da kamun kai. Ba ta da magana sai ɗan ƙaras-ƙaras in an taɓa ledarta. Maikano kuwa, don tsabar tattali, bai taɓa buɗa ta ba, wai sai ya gama jarrabawa ya karanta a natse. Kowa ya ce masa wannan wauta ce.

Jinyarta gajeriya ce. Danshi ya kama ta, Maikano ya fitar da ita ta sha iska a bakin taga, ya tafi darasi. Iska ta jefo ta ƙasa, a daidai ƙafar abokin zamansa Malam Sada, mai karatun digiri na uku, wanda ko ƙuda ya gifta sai ya ba shi fatawa. Malam ya ga Bisimilla a shafin farko, ga jaki da dara a ƙarƙashinta, ga takarda ta tsufa. Nan take ya hukunta cewa girmama sunan Allah shi ne a ƙona, ya cusa ta a kaskon turare. Bai tambayi kowa ba, ai masani ba ya tambaya.

Sai dai maƙwabciyarsu Awadiyya ta rantse ta ji Malam yana ƙyaƙyata dariya rabin awa cur kafin hayaƙi ya tashi. Ashe sai da ya karance ta tsaf. Da Maikano ya dawo, ta'aziyyar da ya samu daga bakin Malam ita ce: "Ma'alish, yi haƙuri Maikano, ai na sama maka lada." Da aka tambaye shi ƙarshen labarin, ya ce shi ba ya ruwaito lagawu, wato zancen banza.

Marigayiya ta bar yayye talatin da tara, kowacce ta ƙare labarinta a rataye, da leda guda wadda babu kowa a ciki.

Babu wanka, babu likkafani, Malam ya hutar da kowa. Za a binne tokar ranar Juma'a a tukunyar na'ana'a da ke baranda. Ana karɓar gaisuwa a hawa na biyar, lif ba ya aiki. An roƙi Malam Sada kada ya halarta, sai fa in zai faɗa wa Maikano ko jakin ya isa gida.