Igiyar da Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na sayi a-kori-kura ba, ko da kuwa na so in manta, domin a dangin matata akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini duk shekara, kyauta.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a Kiru. (Ku riƙe wannan da kyau, shi ne ya ƙara wa abin muni.) Na yi shekaru ina koyarwa ina taɓa noman rani, har Allah ya hore mini na sayi a-kori-kura ta hannu, fara tas, mai shan fetur. Ranar da na shigo da ita gari sai da na bi ta bakin kasuwa sau biyu, alhali ba hanyar gidana ba ce.

Surukina, mahaifin matata Sa'adatu, wanda kowa ke kira Baba Alhaji, shi ma yana da tasa. Tsohuwa ce tukuf, mai shan gas, wato dizal. In ya tashe ta da safe duk unguwa sai ta sani: kwar-kwar-kwar, ga baƙin hayaƙi, ƙofar direba kuwa da waya ake ɗaure ta. A gabansa ban isa in ce uffan ba, in na je gaisuwa tun daga zaure nake cire takalmi in durƙusa. Amma a majalisarmu ta bakin titi bakina ba ya hutawa. Ni na raɗa wa motar suna Mai Tari, aka yi ta dariya, ni kuma ina jin daɗi.

Abokin musuna shi ne Nafi'u, ƙanin Sa'adatu, manomi ne magidanci, mai baki kamar reza. Kullum hujjata ɗaya ce: litar gas ta fi ta fetur tsada, tawa ta fi gudu, ta fi shiru, gyaranta ma kowane bakanike ya iya. Har takarda nake da ita a aljihu. Na je Tudun Wada na dawo, na auna man da ta sha, na raba da nisan tafiyar, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

Nafi'u ya ce, “Malam, da ka yi wannan awon me ke bayan motar?”

Na ce, “Babu komai.”

“A kan kwalta?”

“A kan kwalta mana.”

Ya ce, “To ka ɗaura mata kaya ka shiga daji tukuna, sannan ka zo mu yi magana.”

Na ce masa lissafi ba ya ƙarya, shi dai da noma ya sani.

Baba Alhaji yana da babbar gona can gaba da dajin Falgore, ta wajen Doguwa. A shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa da wuri. An karya masara an tara ta tsibi guda a tsakiyar gona, ga hadari yana haɗuwa kusan kullum da yamma. In ruwa ya sauka a kan tsibin nan, masarar ta yi funfuna ke nan, kuma ita ce abincin gidan na shekara, har da gidana, don duk kaka sai an sauke wa Sa'adatu nata buhunan. Aka samo hayar injin casa a Kwanar Ɗangora, na yini ɗaya tak, irin mai taya biyun nan da ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Kowace shekara Mai Tari ce ke jan sa. A wannan karon sai ni, uban iyayi, na je na durƙusa na ce a bar mini wannan aikin.

Baba Alhaji ya ce, “To Malam, Allah ya yi albarka. Ni sai in biyo ka da buhuna da tamfol da abincin ma'aikata.”

Nafi'u da mai injin da sauran ma'aikata suka yi gaba tun da sassafe a kan babura. Mu kuma muka ɗaura injin a bayan motata, aka ɗora mini duro biyu na ruwan sha. Kafin mu tashi, Baba Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, da an cika tanki, an ƙara da jarka guda. In aka wuce Tudun Wada babu gidan mai sai an fita daji.”

Na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce, “Baba, na lissafa. Abin da ke ciki zai kai ni ya dawo da ni.”

Ya dubi injin, ya dubi durorin, ya dube ni. Ya ce, “To, madalla.”

Tun kafin Tudun Wada na ga abin da ban gane ba. Motar da na sani da tashi kamar tsuntsuwa ta koma sai na danne totur take motsi, allurar mai kuma tana sauka ina kallo. Ga gidan mai nan a hannun dama, babu ko layi. Wallahi har na sa hannu zan kunna sigina. Sai na duba madubi na hango baƙin hayaƙi can baya yana tafe. Na ce a raina, yanzu in na tsaya Baba zai gan ni, gobe Nafi'u ya ji, jibi majalisa ta ji. Na ɗauke hannuna na wuce. (Duk abin da ya biyo baya, a nan na saye shi da kuɗina.)

Cikin Falgore kuwa ga hawa ga gangara. Kowane hawa sai na dawo giya ta biyu, inji yana kururuwa, allura tana ƙara kwanciya. Babu addu'ar da ban karanta ba. Da kyar na fita daji na saki kwalta na kama hanyar gona, har na iso wani rafi da ake hayewa, mai yashi da laka, gaɓarsa ta can tana da tsayi. Na shiga lafiya. Wajen fita ne tayoyin baya suka kama juyawa a wuri ɗaya. Na taka, ta yi ihu. Na ƙara takawa, warin kuloci ya cika mini hanci. Sai ta yi tari sau biyu, ni da nake yi wa wata gorin tari, ta mutu mus. Allura ta kwanta, injin casa yana tsakiyar ruwa, can gabas kuma sama ta fara yin baƙi.

Na fito na tsaya cikin laka da takalmin zuwa makaranta. A lokacin ba kunya ce ta fara kama ni ba, tsoro ne. Masarar mutane ce a jibge a fili, injin yini ɗaya aka ba mu, ni kuma na dasa shi a rafi saboda wata takarda da ke aljihuna.

Can sai na ji kwar-kwar-kwar. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

Baba Alhaji ya tsaya, ya kwance wayar ƙofa, ya sauko. Bai tambaye ni komai ba. Ya zaga ya duba tayoyi, ya koma motarsa ya ratsa da ita ta gefe inda shanu ke bi, ya haye gaɓa, ya dawo da baya har gabana. Ya jawo wata igiya mai kauri daga ƙarƙashin buhuna ya miƙo mini baki ɗaya, na ɗaure a ƙarfen gaban motata.

Ya ce, “Malam, cire giya, ka riƙe sitiyari da kyau. Bari mu gani ko Mai Tari za ta iya.”

Innalillahi! Ashe sunan ya kai kunnensa. Na ji kamar in nutse cikin lakar nan in huta.

Ta kuwa iya. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi gaggawa ba. Igiya ta miƙe, na ji an ɗaga ni a hankali, ni da motata da duro biyu da injin casa, ga nata kayan a bayanta, ta fitar da mu kamar mai jan akuya. Haka ya yi ta ja na har muka kusa gona. A gindin wata ɗorawa, inda ba a hango mu, ya tsaya ya kwance nasa bakin igiyar. Sai ya ɗaga tamfol ya sauko da jarka. Ya buɗe, warin fetur ya buge ni.

Motarsa ba ta shan fetur. Tun a Kwanar Ɗangora, da na ce masa na lissafa, ya bari na yi gaba ya tsaya ya saya.

Yana zuba mini yana cewa, “Motarka ba ta da laifi, Malam. In kayan gwari ne za a kai kasuwa da sauri, ta fi tawa. Amma mai fetur in ta ji nauyi sai ta yi ta ihu tana shan mai. Mai gas kuwa ƙarfinta a ƙasa yake, ko an ɗora mata kaya cikinta ba ya ƙaruwa sosai.” Ya rufe tanki ya ce, “Wuce gaba ka shiga da kanka. Ni zan yi azahar a nan. Ba sai kowa ya ji ba.”

Na durƙusa na fara godiya. Ya ce in yi sauri, hadari ba ya jira.

To, ƙullin da na yi wa igiyar ya ɗame saboda ja, na yi na yi ya ƙi kwantuwa. Kunya ta hana ni komawa in tambaye shi wuƙa. Sai na naɗe ta a jikin ƙarfen na cusa bakin a ciki, na tada mota.

Mai hankali, wanda aka rufa wa asiri irin wannan, shiru zai yi ya shiga gona. Ni hon na danna. Ma'aikata suka taso, Nafi'u yana gaba.

Ya ce, “A'a! Malam, har ka riga Baba?”

Wai sai na ji bakina yana cewa, “Ai na gaya maka. Ko gezau ba ta yi ba. Rafin nan ma ban san na wuce shi ba.”

Nafi'u bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya sunkuya gaban motar ya kamo wani abu ya fara jawowa. Ashe gargadar hanya ta warware naɗin, igiyar tana ta jan ƙasa a ƙarƙashin mota. Ya yi ta jawowa, ya yi ta jawowa, har ya tara ta a gabansa jage-jage da laka.

Ya ce, “Wannan dai igiyar Baba ce, ni na sayo ta. Kuma a gaba take ɗaure. Malam, kai ka jawo Baba? To da baya da baya ka taho ke nan?”

Jama'a, dariyar da aka yi a gonar nan har mai injin sai da ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye, laka har gwiwa, takardar lissafi tana leƙowa daga aljihu. Ana cikin haka Mai Tari ta iso. Baba Alhaji ya dubi igiyar a hannun ɗansa, ya dube ni, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “A tada inji, ga hadari can.”

Ranar babu wanda ya kai ni ɗaukar buhu. Malamin makaranta da bai saba ba, amma na gwammace ciwon baya da haɗa ido da mutane. Muna jan tamfol a kan buhun ƙarshe, gab da magariba, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta jiƙe ba. Na tsaya cikin ruwan nan ina ta hamdala, hawayena ma ba wanda ya gane.

Washegari na je na durƙusa na nemi gafara a kan sunan da na sa wa motarsa. Ya yi murmushi ya ce, “Ai tana tarin, Malam, ba ƙarya ka yi ba.” Bai sake tayar da maganar ba har yau. Nafi'u ne dai ya riƙe ta, duk kaka sai ya tambaye ni ko bana ma da baya da baya zan taho.

Igiyar sai yanke ta aka yi, ƙullin kuma yana nan a ƙarfen gaban motata, bakanike ya so ya cire na hana shi. Har yanzu ina koyar da lissafi, kuma har yanzu ina cewa ba ya ƙarya. Sai dai ni na manta ban sa nauyi da hawa da girman kaina a ciki ba. Yanzu in dattijo ya ce in cika tanki, cikawa nake yi har ya zubo, lissafin in yi shi bayan na dawo gida.