Ramin Da Gwamnati Ta Haƙa A Bakina

Yau na fito daga Rigasa tun da hantsi, na tsaya bakin titi har rana ta take, don motocin haya duk suna layin mai. Da ƙyar na maƙale a bayan wata a-kori-kura. Ina shiga asibitin haƙori, nas ta ce, "Iya, kin sake dawowa?" Na ce, "'Yar nan, ramin da kuka haƙa ne ya dawo, ni rakiya na yi masa."

Ni Hansai ban yi boko ba, amma harshena ya san girman rami. Tun shekarun baya tsutsa ta taɓa min matauni na hagu. Ɗan rami ne, bai fi ƙwayar gero ba. Ina cusa masa kanumfari, muna zaman lafiya. Sai maƙwabciyata Turai ta zo da labari: "Yaya Hansai, rediyo ya ce gwamnati na ciko kyauta. Je ki a liƙe miki kafin Layya, ki ci naman ragonki." Ragon nan ni na yi kiwonsa da dusa da ɓawon wake, kuma shi ne layyata ta farko tun rasuwar Malam.

Na je. Likitan mai ladabi ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce sai an share ruɓaɓɓen wurin kafin a cike. Ya zura min wani inji mai kuka kamar na markaɗe, ya yi ta haƙa har gero ya koma gujjiya. Da ya gama sai ya ce nas ta kawo kayan ciko. Ta ce suna sito, kuma an hana buɗewa sai ranar da babban baƙo zai zo buɗe sabon sashe. Na ce, "Likita, ba ka leƙa sito kafin ka kunna inji?" Ya sunkuyar da kai, ya cusa min auduga.

Ranar baƙo na sa zanen fita. An yi fenti, an aro furanni. Nas ta tsamo ni daga layi, ta ce ramina zai fi kyau a hoto. Aka kishingiɗar da ni a kujera, ga kayan ciko jere a faranti suna walƙiya. Sai ga Mai Girma Sarkin Almakashi, ya yanka zare, ya leƙa bakina, haƙoran Makka na ƙyalli a nasa. Ya ce, "Mama, kin ga aikin gwamnati?" Ƙarfen likita ya tokare min baki. Aka tafa.

Motarsa na fita aka kashe janareta, ashe man na aro ne. Farantin kuma aka naɗe shi aka sa a mota, wai zai riga Mai Girma isa wani asibitin da zai buɗe. Kai, Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira! Faranti guda ya wadaci jiha. Wannan tattali ko uwar marayu ba ta kai su ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, an nuna ni a talabijin, baki wangale. Turai ta shigo da guɗa: "Yaya, an cike! Mun gani!" Na ce ta zo ta leƙa. Ta ce, "To, amma dai mun gani." Da can ranar Sallah maƙwabta hanta suke aiko min, saboda sun san halin bakina. Bana kowa ya ga talabijin, sai ganda da jijiya. Ragona kuwa na soye shi, na rufe a kwano cikin kitsensa, kullum in buɗe in shaƙi ƙamshi in mayar. Romo nake sha kamar mai jego, kuma naman ya fara sauya wari.

Zuwan yau ma auduga aka sake cusa min. To, ranku ya daɗe manya, ba roƙo na zo ba. Ramina ƙarami na kawo muku, ku kuka faɗaɗa shi. Ku cike abinku kafin ragona ya lalace.

Ɗazu Turai ta ji a rediyo cewa jibi Mai Girma zai yanka zare a Rigachikun. Zan riga farantin isa. Wannan karon in likita ya sa yatsa a bakina, ba zan saki ba sai an cike. Haƙoran gefen dama lafiyarsu lau.