Shekara Biyar ɗin Auta a Kan Matakala

Jama'a, wata guda ke nan da na gano cewa autata gwanar ninƙaya ce. Shekara goma sha takwas muna gida ɗaya da yarinyar nan, ban taɓa ganin ta shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba, amma ranar sai ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro, har da hotonta a sama tana murmushi.

Bari in faro muku daga tushe. Ni mai gyaran rediyo ne, ina da 'yar rumfa a bakin titi. Auta ta gama sakandare bana. Sai ga sanarwa an liƙa a bangon Ofishin Rumfuna da Inuwoyi cewa ana neman ƙaramin akawu mai kula da fayil, mutum ɗaya tak. Sharaɗi shi ne kada ya wuce shekara ashirin, kuma ya kasance ya yi shekara biyar yana irin wannan aikin. Na ce madalla da masu hangen nesa, wato so ake yaro ya kama aikin ofis tun muryarsa ba ta buɗe ba. Sannan a zo da takardar nan da ake kira sibi, wadda mutum ke zayyana ko shi wane ne, me ya karanta, me ya iya. Mu da aka rena a kan cewa yabon kai jahilci ne, yau an ce sai ka yabi kanka a rubuce kafin a ba ka kujera.

Na ja Auta muka tafi wurin Mai Kwamfuta na ƙarshen layinmu. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Baba, kwantar da hankalinka. Sibi ai ɗaya ne a duniya, suna kawai ake canjawa."

Kafin in gyara zama ya miƙo mana shafi uku da ɗuminsu. Ashe Auta ta yi shekara bakwai a wani kamfani da shi kansa Mai Kwamfuta bai san inda ƙofarsa ta kalla ba. Tana jin harsuna huɗu. In ta samu sarari tana ninƙaya. A can ƙasa kuma tana da mata ɗaya da 'ya'ya uku, gadon direban babbar motar da aka buga wa kafin mu.

Na ce, "Ɗan nan, wannan ai ƙarya ce tsagwaronta."

Ya ce, "Ƙarya ce mana, Baba, amma irin wadda aka saba da ita. Su ma masu karantawar da irinta suka shiga."

Tela maƙwabcin rumfata, wanda muke kira Na-Sani don babu zancen da ba shi da ta cewa a kai, da ya ji labari sai ya ajiye almakashi. Ya ce mu ƙara shafi bakwai mu sa masa bango mai ƙyalli, domin a manyan ofisoshi ba karanta sibi ake yi ba, ɗaga shi ake yi a ji nauyinsa.

Allah na tuba, sai da zuciyata ta karkata. Idona ya fara gajiya da ƙananan wayoyi, mutane kuma sun koma sauraron labarai a wayar hannu, rediyon da ake kawo mini a mako bai taka kara ya karya ba. Ina son yarinyar nan ta samu madafa tun ina iya tsayawa da ƙafata. Don haka da muka koma gida na ce a goge matar da 'ya'yan, ta sa hannu a kan sauran.

Ta ce, "Baba, in suka ce in gaishe su da harshe na huɗun fa?"

Na ce ta yi tari.

Uwarta daga madafi ta jefo nata, wai ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce ramin gaskiya ma ai ba mu ga wanda ya haƙo aiki a cikinsa ba. Auta tana ta juya biro, can sai ta ce, "Ai ina da shekara biyar ɗin da suke nema. A ofishin nasu ma na yi su."

Sai a lokacin na tuna. Shekara biyar da suka wuce na nemi takardar izinin rumfata a wannan ofishin. Yana hawa na uku. Na'urar da ke hawa da mutane sama kuwa, tun ranar da manya suka yanke ƙyallen buɗe ta suka ɗauki hoto ake gyaranta. Ni kuma gwiwata ba ta shiri da matakala. Saboda haka tun Auta na shekara goma sha uku, duk Laraba in an tashi daga makaranta ita ke hawa ta tambayi lafiyar fayil ɗina, ni ina ƙasa ina hira da mai gadi.

Ta yagi takarda ta rubuta nata, shafi ɗaya rak. Sunanta, lambar wayar da in an kira za a same ta, makarantarta, da sakamakon jarrabawa yadda yake, har da lissafin da ta tsallake da ƙyar. Da ta zo wurin aikin da ta taɓa yi sai ta rubuta: "Na yi shekara biyar ina bin fayil ɗaya a ofishinku. Ya ɓace sau huɗu, na gano shi sau huɗu, ɗaya daga ciki a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Na cika wa tsofaffi sittin da ɗaya fom a kan matakala, ba a dawo da ko ɗaya don kuskure ba. Na san makullin kabad na uku yana wurin mai shara." Masu tsaya mata kuwa ta sa shugabar makarantarsu da mai gadin ofis, bayan ta je ta nemi yardarsu.

Na ce, "Auta, za su ce zagin su kika yi."

Ta ce, "Ban zagi kowa ba, Baba. Abin da na yi na faɗa."

Ranar ganawa mutum ɗari huɗu suka yi layi a kan kujera ɗaya. Na leƙa takardun na kusa da mu, kowa gwanin ninƙaya ne. Da ambaliya za a yi a harabar nan, da babu wanda zai nitse sai 'yata.

Aka kira ta gaban shugaban ofishin, Mai Girma Sarkin Hatimi, Allah ya ja zamanin tawadarsa. Ta ce ya karanta shafin nan har ƙarshe, ya yi dariya, ya miƙa wa mataimakinsa, shi ma ya yi dariya daidai gwargwadon ta maigidansa. Sai Mai Girma ya ce tunda ta iya nema, akwai fayil ɗin da suka yi wata biyu suna cigiya, na ɗaukar wannan aikin ne ma. Minti goma ta ɗauko shi daga ƙarƙashin butar shayi. Aka tafa mata. Mai Girma ya ce irin waɗannan matasa ake buƙata. Ta dawo gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ni kuwa na cika wa Na-Sani kunne har ya ɗinka wa wani hannun riga a baibai.

Bayan mako biyu aka liƙa suna. Ɗan ƙanin matar Mai Girma ne, mai uwa a gindin murhu. Auta ta karanta, ta sake karantawa, muka dawo gida. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, don ni na ga shekarun da yarinyar nan ta yi tana haki a kan matakalar can.

Shekaranjiya da la'asar sai ga sallama. Wani saurayi ne da sabon takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni. Ni ne wanda aka ɗauka aikin nan. An duba fayil ɗina an ga babu sibi a ciki, shi ne Mai Girma ya ce in zo wurin 'yarka ta rubuta mini, wai nata ya fi na kowa."

Na miƙe da ƙarfen liƙin waya a hannuna, gwiwar ma ta manta da ciwonta. Auta ta ce, "Baba, bar shi ya zauna. Yau ce rana ta farko da ofishin nan ya tako gidanmu da ƙafarsa."

Ta ɗauki biro. "Me ka taɓa yi?"

Ya sosa ƙeya. "Ina kai Gwaggo unguwa a mota, shekara biyu ke nan."

Ta fara rubutawa tana faɗa, "Tuƙi na shekara biyu, ba haɗari."

"Akwai dai wata katanga sau ɗaya."

"To, tuƙi na shekara biyu."

Rabin shafi ya ishe shi, kuma duk gaskiya ne. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu, ya ce don Allah ina ake samun makullin kabad na uku. Tun daga ranar wayar Auta ba ta huta da kiransa ba. Ina fayil kaza, ta ina ake fara cika fom kaza. Dole a jinjina wa Mai Girma, ya ɗauki mutum biyu aiki da kujera ɗaya, ɗaya ya zauna, ɗaya ta iya.

Yau da safe na ga ta ɗauko shafin nan nata za ta kai wani kantin sayar da littattafai da ke neman ma'aikaciya. Kafin ta fita ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Na horar da ma'aikacin hukuma guda ɗaya, har yanzu yana kan koyo." Na sa tabarau na duba layin nan sama da ƙasa, ban samu ƙarya ko ɗaya a cikinsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.