Motata ta iya gaisuwa

Ranar Laraba na faɗa ramin nan na gaban kasuwa, wanda ya girmi jikata. Motar da na sayo kwance daga Jamus ta durƙushe. Ga Radostina, autata, ranar Asabar za a kai ta coci ɗaurin aure, kuma na cika wa surukai baki cewa a motata za ta je.

Tsvetan makaniki ya leƙa ciki ya yi tsaki. "Ƙwaƙwalwar shokozoba ce ta ƙone, maƙwabci. Sa sabuwa ba wuya. Amma sai na jona kwamfuta na koya mata yadda tsayuwa daidai take, kuma sai a shimfiɗaɗɗen wuri."

"To garejinka fa?"

"Tun da masu girma suka zo gyaran bututu daɓen ya karkace. Kofin shayi ma ba ya zama."

Muka zaga gari, wallahi babu! Sai na tuna da sabon titin da magajin garinmu, Mai Girma Sarkin Yanka Zare, ya buɗe har sau uku, allonsa na cewa ya kai na ko'ina a Turai. Ni wane ne da zan ƙaryata allo? Can muka saita ta. Ashe titin a karkace yake, motar kuwa ta haddace cewa karkacewa ita ce daidai.

Ranar Asabar ta yi ta tafiya lafiya lau, tunda kamfani ɗaya ne ya yi mana duk titunan, karkacewarsu ɗaya. Har na fara hura hanci. Sai ayari ya biyo ta ƙofar gidan Mai Girma, taku hamsin ɗin nan shimfiɗaɗɗu sumul, su kaɗai a garin, da na manta da su. Mota ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, ta yi ƙara, ta rusuna gefe guda. Amarya ta gangaro kan uwarta, furanni suka watse. Kunya ta kashe ni.

Uwar ango ta zuge gilashi daga motar baya: "Kai, suruki! Har motarku an koya wa fadanci?"

Radostina ta yi kwana biyu ba ta kula ni ba.

Ranka ya daɗe Mai Girma, roƙona ɗaya: kada a gyara sauran titunan. Motar ta riga ta saba, mu ma haka.