Yadda Ake Feɗe Doguwar Kalmar Turanci a Gaban Duba-gari

Shekara arba'in ina riƙe da wuƙa, ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ni ne shugaban mahauta. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba ɗan bokon da zai ƙwace maka kujera.

Na ɗaya: Zaɓi mai ƙiba

Mataimakina Mai Tabarau ya ce wa mahauta shugabanci ya fi ƙarfina, wai ba zan iya roƙon duba-gari ɗakin sanyaya nama da Turanci ba. Na sa 'yata malamar asibiti ta nemo mini sunan abin. Da ta faɗa, na ce, "Wannan ai bijimi ne, kawo shi."

Na biyu: Kayar da ita

Kada ka haɗiye ta ɗungurungum. Laluba gaɓa, ka sa wuƙa: ri, fi, ri, ja, re, shan. 'Yata ta ce, "Baba, gaɓa biyar ce." Na ce, "A hannun wa? Ni shida na fitar." Mai ilimi asarar nama yake yi.

Na uku: Nemo ƙashin baya

Kowace kalma tana da wurin da nauyinta yake. A nan "re" ce. Danna ta da ƙarfi, ka zare ido, ka buga tebur.

Na huɗu: Gyara

Mahauci na ƙwarai ba ya sallamar mutum ba gyara. Ranar taron zaɓen shugaba, a gaban duba-gari, Mai Tabarau ya furta tasa sumul, ƙanƙanuwa, kamar tsokar marowaci. Na miƙe na aje tawa, na ƙara "shan" guda a bisa.

Duba-gari ya cire hula ya share gumi. "Baba, firji kake nufi?"

"Babbansa, ɗana."

Na biyar: A kai ma'auni

Mahauta suka ƙirga da yatsu: tasa yanka biyar, tawa bakwai. Wa ya taɓa zaɓen ƙaramin kashi? Ko Mai Tabarau sai da ya ɗaga mini hannu, yana kallon ƙasa.

Tsame hannu

Idan ka gwada, duba-gari ya rufe maka mayanka mako biyu yadda ya rufe tamu, kada ka zo ƙofata. Kujera na yi maka alkawari. Maganar firji, ka nemi Mai Tabarau, shi ya yi karatu.