Gardamar Da Na Ci Ina Zaune A Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da hunturun shekarar da Faransawa masu rigar ruwan ɗorawa suka riƙa tare hanyoyi duk Asabar ba. Ko na so in manta ma, 'yan zaurenmu ba za su bar ni ba. A hunturun nan Allah ya ba ni jikana na fari, a cikinsa kuma na ci babbar gardamar rayuwata, ina zaune daɓas a ƙasa gaban jama'a.

Bari in fara da zauren. Muna da wani zaure a waya, mu Hausawan Lyon da na Paris, wanda aka buɗe don sanarwar haihuwa da rasuwa. A hankali sai ya koma majalisar sanyi. Ana sallame asuba kowa zai leƙa taga ya ba da labari. Wani ya ce, "Mu nan La Courneuve yau har gemu ya san ana sanyi." Wani ya amsa, "Ku gode Allah, mu a Vaulx-en-Velin hazo ya hana mu ganin gidan maƙwabci." Ɗalibai su turo taswira mai launi-launi da kibiyoyi, dattawa mu duba mu ce masha Allah, ba tare da mun san ina ne gabas a jikinta ba.

A zauren nan mutum biyu ne ba sa shan inuwa ɗaya: ni da Alhaji Garba. Shi Bakano ne, mai shagon atamfa da shadda a Paris. Ni Badamagare ne, ina Vénissieux a gefen Lyon, aikina a sito, Asabar da Lahadi kuma ina biya wa yara karatun allo. Wasan da ke tsakanin Kano da Damagaram mun gaje shi, sai Allah ya ƙara mana da surukuta, don ɗansa ne ya auri 'yata Balkisu suka zauna kusa da ni. Surukai kan ji kunyar juna. Mu dai mun riga mun cinye kunyar tun kafin yaran su san juna.

Alhaji ya yi imani da wayarsa. Abin da ta ce game da gobe, shi ke nan. Ni kuwa ina da nawa hanyoyin. Tun ina yaro malaminmu ya koya mana lissafin taurari da kwanakin tsananin sanyi, muka rubuta da ajami muka haddace. (Kada a tambaye ni ko lissafin Damagaram yana aiki a Lyon. Ni ma ban tambaya ba.) Ga gwiwata ta hagu, wadda ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Sannan ga tagata. Ina zaune can saman ɗaya daga dogayen benayen Minguettes, taga na kallon gabas. Wani tsohon maƙwabcina ɗan ƙasa ya taɓa nuna mini cewa duk ranar da aka hango farin dutsen Mont Blanc tar, kamar a miƙa hannu a taɓa, to sama na shirin ɓaci. Na riƙe wannan kamar karatu. Kullum dai nakan ce ba gaibu na sani ba, alama ce, Allah shi ne masani. Amma in gaskiya ake so, ina faɗar haka ne da muryar wanda ya tabbata.

To, Balkisu ta sauka ranar wata Asabar, namiji, suna ya kama Asabar mai zuwa. Alhaji ne kakan wajen uba, shi zai raɗa wa liman suna, shi zai zo da goro da kayan barka a babbar motarsa. Ya ce zai taso da duku-dukun ranar sunan, ya iso da hantsi.

Ranar Laraba na buɗe labule, sai ga farin dutse tsaye a gabana. Gwiwa kuma tun jiya take zugi. Na yi bisimilla na rubuta a zaure: "Alhaji, ka taho gobe. In Allah ya so, kafin Asabar dusar ƙanƙara za ta rufe hanya."

Ba a jima ba ya turo murya, yana dariya har da tari. "Jama'a ku ji Badamagare! Wayata ta ce yayyafi ne kawai, shi kuma gwiwarsa ta ce ƙanƙara. Malam, gwiwar nan taka caji ake mata ko batir take ci?"

Zaure ya ɗauka. Wani ya naɗa ni Sarkin Sama, wani ya ce a tambayi gwiwar farashin shinkafa na wata mai zuwa. Na daure. Abin da ya dame ni ba dariyar ba ce. Na hango yaron nan an tara masa jama'a, kakansa na can tsakiyar hanya da sunan a bakinsa, Balkisu na share hawaye. Sai na bi ta bayan gida: na sa mai ɗakina, Hajiya Mariyama, ta kira matar Alhaji. Ban san abin da suka ƙulla ba. Na dai san ranar Alhamis da la'asar motar Alhaji ta tsaya a ƙofar ɗansa, ya fito fuska a murtuke.

"Ka sa na rufe shago ranar Juma'a," in ji shi, tun kafin mu gama gaisawa. "Wallahi in ba a yi ƙanƙarar nan ba, a gaban liman zan sa ka tuba."

Ranar Juma'a gari ya waye garau. Rana ta fito, sama shuɗi kamar an wanke. Ban taɓa jin haushin rana irin na ranar ba, Allah ya yafe mini. A masallaci Alhaji ya zauna kusa da ni, bayan sallama ya ɗaga hannu yana addu'a a fili yadda sahu biyu za su ji: "Allah ka ba gwiwar Malam lafiya, ka raba ta da ƙarya." Mutane suka ce amin suna rufe baki. A zaure kuwa aka riƙa turo hoton rana daga kowace unguwa, ana tambaya ko wannan ce ƙanƙarar. Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, in ba ta zo ba, ni ka jefa a kunya, don ni na rantse wa matar mutane."

Na ce, "Sai dai mu roƙi Allah."

Ta ce, "Yanzu ka tuna?"

Da asubar Asabar na tashi alwala, sai na ji garin ya yi wani irin tsit. Babu ƙarar mota, babu ƙarar taragon unguwa. Na ja labule. Allahu Akbar! Fari fat, daga ƙofar gidanmu har iyakar gani. Motoci sun zama tudu-tudu, itatuwa sun sunkuya, ga ta nan tana ci gaba da sauka a hankali kamar ana kaɗa auduga. Tun ina yaro nake roƙon Allah a cikin addu'a ya wanke ni da ruwa da dusar ƙanƙara, amma ban taɓa ganin ta da kyau irin na safiyar nan ba. Na yi sujudar godiya. (Ina fata don jikana na yi ta. Ina tsoron rabinta don Alhaji ne.)

Waya ta fara kuka. Ayarin 'yan Paris da suka ƙi jin magana suka taso da safe, ga su can cirko-cirko a babbar hanya, ba gaba ba baya. A zaure aka koma kiran Sarkin Sama ba da wasa ba. Na adana maganata sai na ga idon Alhaji.

A nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa.

Ɗakin taron da muka kama yana ƙasan benenmu, kuma daga ƙofarsa akwai 'yar gangara ta siminti da ta sauka zuwa titi. Ta nan baƙi za su hawo. Masu share hanya ba su iso ba. Ni kuwa duk zamana a ƙasar nan ban taɓa share ƙanƙara da hannuna ba, daga sama nake kallo wasu na yi. Na tsaya na yi tunani irin na mai ilimi: mene ne maganin sanyi? Zafi. A gida ma in za a yi baƙi, ai ruwa ake yayyafa wa ƙofar gida. Na shiga inda mata ke girki na ce a ba ni ruwan zafi. Na cika bokiti, na cika buta, na bi gangarar nan ina kwarara ina salati. Dusar ta narke nan take, tururi na tashi, siminti ya fito baƙi wuluk. Na koma na ƙaro, na sake ƙarowa, har ƙasa. Na tsaya na dubi aikina na ce, oh, Turawan nan da wahalar da kai, su da shebur!

Sai na hau sama na yi wanka, na saka babbar rigata ta shadda mai sitaci, da hula, da takalmin fata na Idi wanda ƙasansa sumul yake kamar faranti. Na ɗan jima ina shirya abin da zan gaya wa Alhaji. Na so ya zama gajere, mai nauyi, da ɗan tawali'u a ƙarshe.

Da hantsi aka ce ga su nan. Na ɗauki babban tiren goro da dabino da hannu biyu na fito ƙofa. Ga Alhaji a gindin gangara, ga liman, ga dattawan Lyon, ga mata a tagogi, har da maƙwabta Turawa da yaransu suna wasa. Gangarata na ƙyalli a rana. Na ɗauka tsabta ce, ashe ruwan da na zuba ne ya daskare ya zama gilashi.

Na ɗaga murya na ce, "Alhaji Garba! Barka da..."

Ƙafar dama ta tafi. Ta hagu, mai gwiwar annabta, ta bi ta. Abin mamaki ban faɗi nan take ba. Na tafi a tsaye, tire a hannu, riga ta buɗe kamar tantabara za ta sauka, ina wucewa ina kallon fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Na ji bakina na cewa innalillahi. A tsakiyar gangara ƙasa ta karɓe ni ta baya, tim! Tire ya yi sama, goro ya yi ruwa, hula ta kama gabanta. Sauran tafiyar a zaune na ƙarasa ta, shadda mai sitaci kuwa ba ta san birki ba, sai da ƙafafuna suka daki takalman Alhaji na tsaya.

Goro ɗaya ya gangaro a hankali ya tsaya a gefena.

Na ɗaga kai na dubi surukina. Duk jawabin da na shirya ya gudu, sai magana ɗaya ta rage. Na ce, "Ban gaya maka za a yi ƙanƙara ba?"

Jama'a suka fashe. Liman ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya riƙe ciki, hawaye na zuba, yana cewa, "Ka faɗa, Malam, wallahi ka faɗa! Har ka kawo mini ita da kanka!" Ya matso ya miƙo hannu zai tashe ni, ya ɗora ƙafa a kan aikina. Sai ga Bakano a gefena, tim, rawani a wuya. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kakanni biyu, kowa na riƙe da ƙugu, yaran unguwa na tsince mana goro a cikin dusa.

Ya ce, "Wane maƙiyin Allah ne ya zuba ruwa a nan?"

Na ce, "Ana bincike."

Daga taga Hajiya Mariyama ta ce, "Ga butarsa nan a bakin ƙofa!"

Gishirin girkin suna kaf aka kwashe aka watsa a gangarar don ya narkar da ƙanƙarar kafin mutane su iya hawa, shi ya sa duk wanda ya ci shinkafar ranar zai gaya maka lami ce. Wani ɗalibi kuma, Allah ya shirye shi, ashe ya ɗauki saukowata a waya tun daga sama, kafin azahar ta kai Paris, kafin la'asar ta kai Damagaram.

Amma an yi suna a kan lokaci, kakan yaro na zaune a wurin. Da liman ya sunkuyo, Alhaji ya raɗa masa a kunne, liman ya ɗago ya faɗa wa jama'a. Sai na ji sunana. Na zaci kirana ake, har na amsa. Alhaji ya dafa ni ya ce, "Zauna, ba kai ba, takwaranka. Da wani sunan na taho daga Paris. Amma ba don kai ba da yanzu ina kan hanya ina cin goron jikana ni kaɗai. Na biya ka, kada ka ƙara bina bashin magana a zaure." Sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya raya shi, ya ba shi sanin sama irin na kakansa. Na ƙasa kuwa, Allah ya sa ya gado wajen uwarsa."

Na ce amin da ƙarfi, ina zaune a gefe ɗaya na kujera, don ɗaya gefen bai karɓi zama ba sai bayan sati.

Har yau ni ne Sarkin Sama a zaure, kuma in na ce za a yi sanyi, har Alhaji yakan nemi rigarsa mai kauri. Abin da na ƙaru da shi dai shi ne, in Allah ya ba ka gaskiya a kan abu ɗaya, ka tsaya nan ka gode masa, kada ka ɗauki buta.