Ranar da Na Ja Garma

Shekarar da tsada ta sa muka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarmu, na gani a waya yadda 'yan ƙwallon kwandon Filifin ke jan tayar mota lokacin hutun gasa, don ƙafa ta yi ƙwari. Ni ma ina bugawa a Tsanyawa, ga gonarmu tana jiran huɗa.

Na ce wa wana, "Yaya, ɗaura mini garmar. Bana ni zan ja."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaura mini, ya riƙe garmar ta baya. Ban kai rabin kunya ba na kife, bakina cike da ƙasa.

Har yau, da ruwan fari ya sauka, maƙwabta kan tambayi Yaya, "Ƙanenka yana da sarari gobe? Mun tanadar masa harawa."